Manhaja ɗaya ta ba mu gaskiya, ta kuma ba abokin jayayyarmu: ina mafita?

Ɗan Mokoyo ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida iyaye da malamai da sauran ƴan'uwa na wannan zaure. Na jima ina karanta tattaunawarku ban taɓa sa baki ba, sai yau da wata matsala ta cikin gida ta sha mini kai, na ga ya dace in kawo ta gabanku, tunda a cikinku akwai waɗanda suka yi aikin shari'a, akwai kuma waɗanda suka san cikin waɗannan na'urori.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu bara bayan an cire amfanin gona. Ya bar mata biyu, da ƴaƴa maza uku da mata huɗu, da mahaifiyarsa wadda take raye har yanzu, ko da yake tsufa ya cim mata ƙwarai. Cikin abin da ya bari akwai gonar tudu a ƙauyenmu na asali, kan hanyar Madarunfa, wadda ya saya da guminsa tun kafin a haife mu. A shekarar El-Buhari, wato 1984, ƙanensa da muke kira Baba Ƙarami ya dawo daga Najeriya hannu rabbana, sai mahaifinmu ya yanka masa gefen gabas, daga gindin gawo zuwa iyaka, ya ce ya riƙa nomawa yana ciyar da iyalinsa. Mu dai mun tashi muna jin cewa aro ne. Shi kuwa da aka zo maganar rabon gado sai ya ce kyauta ce.

Ƙanena, wanda yake karatu a jami'a, ya ɗauki salularsa ya tambayi ɗaya daga cikin manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira da ake hira da su kamar mutum. Ta amsa masa da Faransanci mai tsabta cewa aro ba ya rikiɗa ya zama mallaka ko da ya shekara ɗari, har ta jero masa lambobin ayoyin doka. A cikin makon kuma ɗan Baba Ƙarami ya tambayi ita dai wannan manhajar, ta ce masa wanda ya riƙe fili shekara talatin ba tare da an yi masa jayayya ba ya mallake shi, shi ma ta ba shi nasa lambobin. Kowannensu ya ɗauki hoton amsarsa ya saka a zauren WhatsApp na dangi, tun daga ranar kuwa gidajen biyu ba su sake haɗa kwano ba. Da ƙanen nawa ya ce ta raba mana gadon, da farko ta daidaita maza da mata. Da ya gaya mata mu Musulmi ne ta sake lissafi, amma ta manta da kakarmu, da ya tuna mata sai ta ba shi haƙuri ta fito da lissafi na uku.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wani saƙon murya da ɗan Baba Ƙarami ya turo daga baya, wanda bai kai minti ɗaya ba. Muryar mahaifinmu ce, tana cewa ya bar wa ƙanensa gefen gabas halak malak. Mahaifiyata da ta ji sai ta fashe da kuka. Yayata kuwa ta saurara sau uku, ta ce a shekaru biyun ƙarshe na rayuwarsa baba ba ya kai ƙarshen magana ba tare da ya yi tari ba, a wannan saƙon kuma ko gyaran murya babu.

Don Allah ku ba ni haske. Wace amsa ce daidai cikin biyun, kuma yaya aka yi abu ɗaya ya ba mutum biyu gaskiya a kan gona ɗaya? Kotu tana karɓar irin wannan murya a matsayin shaida? Sannan na ji ana cewa a wasu ƙasashe alƙalai da lauyoyi sun fara aiki da waɗannan na'urori, to idan abin da ya raba mana gida shi ne zai shiga gidan shari'a, ina talaka zai sa kansa?

Tsohon Magatakarda ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Na yi shekaru ina riƙe da rajista a gidan shari'a kafin in yi ritaya, kuma rigimar gona tsakanin ƴaƴan mamaci da ƙanen ubansu ba baƙuwa ba ce a wurina. Sabon abu ɗaya a labarinka shi ne mai ba da fatawar.

Dalilin amsa biyu ba shi da wuyar ganewa. Ƙanenka ya shiga da kalmar aro a bakinsa, ɗan'uwanka kuma ya shiga da maganar shekaru arba'in na noma ba tare da ya ambaci aro ba, ita kuwa ta ɗora kowa a kan abin da ya kawo mata. Maganar shekara talatin daga dokar farar hula ta Faransa ta fito, kuma ko a cikin wannan dokar an faɗa ƙarara cewa wanda yake riƙe da abu a madadin wani, kamar mai aro ko mai haya, daɗewa ba ta mayar da shi mai shi. Ashe ainihin tambayar ita ce aro ne ko kyauta, wannan kuwa ba tambayar doka ba ce, tambaya ce ta abin da ya faru a gindin gawo a 1984, kuma babu na'urar da ta halarci wurin. Mai gari ko alƙali nagari, kafin ya buɗe baki, sai ya ji ɓangaren biyu, ya sa su fuskanci juna, ya tambayi maƙwabtan iyaka. Manhajar ba ta taɓa jin ɓangare biyu a lokaci ɗaya.

Bayan haka, ba dokar Faransa ce za a yi muku aiki da ita ba. Dokar tsarin kotunan Nijar ta 2018, wadda ta maye gurbin ta 2004, ta ce a sha'anin aure da saki da gado da kyauta da wasiyya, da kuma filin da ba a yi masa rajistar gwamnati ba, al'adar masu shari'ar ake bi, muddin ba ta saɓa wa dokokin ƙasa da yarjejeniyoyin da ƙasa ta amince da su ba. Shi ya sa alƙali yake zama tare da masu taimaka masa waɗanda suka san al'ada, kuma a nan Maradi al'adarmu ta gado fiƙihun Malikiyya ce. Dokar karkara ta watan Maris 1993 kuma ta wajabta a fara neman sulhu gaban sarakunan gargajiya kafin a kai rigimar gona kotu, a rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu. Ita ce kuma ta kafa kwamitocin filaye da muke kira COFO, waɗanda suke ba da takardar shaidar saye ko kyauta ko aro ko jingina. Saboda haka ka fara tambaya ko mahaifinka ya taɓa yin wata takarda a can.

Yawancin hukuncin da aka yanke a kan gonaki a wannan jiha yana cikin rajistoci da kwalaye a ɗakunan ajiya, wasu da rubutun hannu, sauran kuma yana cikin kawunan dattawa. Abin da ba a taɓa sa shi a intanet ba, ta ina na'ura za ta karanta shi? Matsalar ita ce ba ta cewa ban sani ba, sai ta cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya.

Kada ka ɗauka ƙanenka ne kawai ya faɗa wannan rami. A 2023, a wata kotun tarayya da ke New York a Amurka, wani lauya da ya shekara fiye da talatin yana aiki ya shirya takardar da aka shigar a ƙarar da wani fasinja ya kai kamfanin jiragen sama na Avianca, ya kafa hujja da tsofaffin hukunce-hukunce guda shida waɗanda manhajar hira mai suna ChatGPT ta ba shi. Aka nema aka rasa, domin ba a taɓa yin su ba. Da shakka ta kama shi ya koma ya tambayi manhajar ko hukunce-hukuncen na gaske ne, ta tabbatar masa da cewa na gaske ne. A watan Yuni na shekarar alƙali ya ci shi da abokin aikinsa da ofishinsu tarar dalar Amurka 5,000. A farkon 2025 ma wata babbar kotu a Afirka ta Kudu ta tarar cewa cikin hukunce-hukunce tara da lauyoyi suka ambata mata, biyu kaɗai ake iya samu. Waɗannan masana ne masu ɗakin karatu a bayansu. Don haka lambobin ayoyin da yaran nan suka saka a zauren dangi, kada wanda ya dogara da su sai ya buɗe littafin dokar ya gani da idonsa.

Game da murya, alƙali yana iya sauraronta, amma ba ta ɗaure masa hannu, musamman idan ɗaya ɓangaren ya musa.

Mai Gyaran Salula ya amsa:

Ina yi maka ta'aziyya, yayana. Baba Magatakarda ya gama magana ta fuskar doka, ni kuma zan taɓa ɓangaren da nake ci da shi, domin a rumfata ta kasuwa kusan kullum sai wani ya miƙo mini salula ya ce in saurara in gaya masa ko muryar gaske ce.

Waɗannan manhajoji an ciyar da su rubutu mai ɗimbin yawa da aka kwaso daga intanet, mafi yawansa na Ingilishi, har suka ƙware wajen hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata. Ba su da wani ma'auni a ciki da yake raba abin da ya faru da abin da ya yi kama da ya faru. Sun ga dubban takardun lauyoyi, sun san kamannin ayar doka da yadda ake rubuta lambarta, saboda haka suna iya ƙera maka wadda babu ita cikin siffar da ba za ka yi shakka ba. An kuma horar da su su zama masu daɗin mu'amala, shi ya sa da ka matsa sai su ba ka haƙuri su sauya magana, kamar yadda ƙanenka ya gani. A Hausa abin ya fi muni, don rubutun Hausa a intanet kaɗan ne, mafi yawansa kuma daga Najeriya yake. Ni da kaina na taɓa tambaya da Hausa a kan filin gida, sai aka fara yi mini bayanin ikon gwamnan jiha da dokar filaye ta 1978, wadda ta Najeriya ce, ba ta da aiki da zarar ka tsallako Jibiya ka shigo Ɗan Isa.

Kwaikwayon murya kuwa gaskiya ne, ba jita-jita ba. Akwai manhajojin da maganar da ba ta kai minti ɗaya ba ta ishe su su koyi muryar mutum, sannan a rubuta musu duk abin da ake so su faɗa. A farkon 2024 a Hong Kong wani ma'aikacin kamfani ya tura kuɗi kimanin dalar Amurka miliyan 25 bayan wani taro ta bidiyo, inda shugabansa da abokan aikinsa da ya gani yana magana da su duk na ƙirƙira ne. Amma ina roƙonka kada ka yi saurin yanke hukunci. Hausar tsohon Maradi, da karinta da yadda yake jan wasu kalmomi, ba ta da sauƙin kwaikwayo ga na'ura kamar Ingilishi. Abin da na fi gani a nan shi ne yanke-haɗe: a ɗauki maganar gaske, a cire farkonta ko ƙarshenta. Mutum yana iya cewa na bar masa gefen gabas ya noma har Allah ya buɗa masa, a datse rabin ƙarshen. Yana kuma yiwuwa saƙon na gaske ne, an ɗauke shi tun kafin tarin ya kama baba. Hatsarin da ba a cika magana a kansa ba shi ne, tunda kowa ya san ana iya ƙirƙirar murya, mai gaskiya ma yanzu ana iya ƙaryata shi da cewa na'ura ce.

Abin yi shi ne a nemi asali. Saƙon da aka turo daga hannu zuwa hannu ba ya nuna komai. A nemi salular da aka fara aika wa, a buɗe hirar a gaban mutane, a ga ranar da saƙon ya shigo, daga wace lamba, me aka faɗa kafinsa da bayansa. A nemi ta marigayi ita ma, kada kowa ya goge komai a ciki. Shafukan da suke cewa za su gane maka muryar ƙarya kada ka jingina da su, domin suna kuskure, balle a kan sautin da WhatsApp ya riga ya matse.

Abu biyu kuma nake jan kunnenka a kansu. Ka hana ƙanenka rubuta a zauren dangi cewa wane ya ƙirƙiri murya, domin dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka sake tsaurarawa a watan Yunin 2024, ta tanadi ɗauri a kan ɓata suna ta hanyar sadarwa, kada ku shiga da ƙarar gona ku fito da wata. Sannan ku daina ɗaukar hoton takardun iyali kuna loda wa manhaja. Muna da hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, da dokarta ta 2022, amma abin da ya riga ya tafi rumbun wani kamfani a wata nahiya, dawo da shi ba ƙaramin aiki ba ne.

Ɗalibar Shari'a ta amsa:

Allah ya gafarta wa baba, ya ba ku haƙuri. Ina neman izinin Baba Magatakarda in ɗan bambanta da shi a wuri ɗaya, ba don na musa abin da ya faɗa ba, sai don kada mai karatu ya tashi da tunanin cewa maganin abin shi ne a rufe salula.

Mu tambayi kanmu me ya sa yaran nan biyu suka je wurin na'ura tun farko. Lauyoyin ƙasar nan kusan dukansu a Yamai suke, dokokinmu da Faransanci aka rubuta su, kuma mutane da yawa tsoron ƙofar kotu suke yi. A lokacin hutu nakan taimaka wa mata a unguwarmu da karanta takardu. Wata baiwar Allah ta zo mini da sammaci a ƙulle a bakin zanenta, ta kwana uku ba ta yi barci ba tana zaton kama ta za a yi, alhali kiranta aka yi ta ba da shaida kawai. Jikarta ce ta fara ɗaukar hoton takardar ta sa manhaja ta fassara mata da Hausa, fassarar ba ta yi kyau ba amma ta isa ta nuna musu ba kamu ba ne, ni kuma na tabbatar. Ga wadda ba ta da kowa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inda nake ganin iyaka shi ne, a yi amfani da ita a fahimci takarda, a shirya tambayoyin da za a yi wa masani, amma kada a ɗauki maganarta a matsayin hukunci. Kuma akwai hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, ANAJJ, wadda aka kafa da dokar 2011 domin marasa hali, mutane da yawa ba su ma san da ita ba.

Tambayarka ta uku ce ta fi damuna, ɗan'uwa, domin kuskuren da na'ura ta yi a hannun ƙanenka ana iya gyara shi a zauren mai gari, amma wanda ta yi a hannun hukuma wa zai gyara? A Amurka wasu kotuna suna amfani da wata manhaja mai suna COMPAS, wadda take ba wanda ake tuhuma maki a kan yiwuwar ya sake aikata laifi. A 2016 ƴan jaridar ProPublica suka bincika bayanan mutum fiye da 7,000 a jihar Florida, suka tarar cewa cikin waɗanda ba su sake yin laifi ba, baƙaƙen fata sun kusa ninka farare wajen samun tambarin masu hatsari. A 2016 ɗin kuma kotun ƙolin jihar Wisconsin ta yarda alƙali ya duba wannan maki, duk da cewa wanda aka ɗaure ba shi da damar sanin yadda aka lissafa shi, saboda kamfanin ya ce sirrin kasuwancinsa ne. A Holan, hukumar haraji ta yi amfani da wani tsarin kwamfuta wajen zaƙulo masu zamba a tallafin renon yara, tsarin ya riƙa ɗaukar zama ɗan ƙasa biyu a matsayin alamar tuhuma, aka tilasta wa dubban iyalai marasa laifi biyan kuɗin da ya karya su, har gwamnatin ƙasar ta yi murabus a watan Janairun 2021. Na'ura daga tsofaffin bayanai take koyo, idan an yi zalunci a cikinsu sai ta gaje shi, ta kuma sa masa rigar lissafi yadda ba mai iya musu.

Alƙalai ma sun fara. A farkon 2023 wani alƙali a Kolombiya ya rubuta a cikin hukuncinsa cewa ya tambayi ChatGPT a shari'ar kuɗin maganin wani yaro. Tarayyar Turai ta yi doka wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2024, ta sa na'urorin da ke taimaka wa alƙalai cikin rukunin masu babban hatsari, waɗanda dole mutum ya riƙa sa musu ido. Tarayyar Afirka ita ma ta amince da tsarinta na nahiya a kan wannan fasaha a watan Yulin 2024 a Akara, sai dai tsari ne na shiryarwa, ba doka mai hukunci ba.

A ganina aikin da ke gabanmu ya fi hani wuya. Tun watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To a fassara dokar karkara da ta tsarin kotuna zuwa Hausa mai kyau, a wallafa su inda kowa zai samu, a tattara hukunce-hukuncen kotunanmu a buga bayan an cire sunayen mutane. In ba mu yi ba, yaranmu ba za su daina tambayar na'ura ba, ita kuma ba za ta daina ba su dokar wasu ba.

Tsohon Magatakarda ya sake amsawa:

Allah ya yi miki albarka, ƴata, na karɓi gyaranki, kuma labarin mai sammaci na ga irinsa ba sau ɗaya ba. Abin da zan ƙara shi ne, alƙalin da ya yi kuskure yana da suna, ya sa hannu, ana ɗaukaka ƙara a kan hukuncinsa, dole kuma ya rubuta dalilansa. Duk ranar da aka kawo mana irin wannan na'ura gidan shari'a, sharaɗina shi ne wanda ake yi wa shari'a ya san an yi amfani da ita, ya ga abin da ta faɗa, ya sami damar musa shi, kuma sa hannun ya zama na mutumin da za a iya tuhuma.

Malamin Zaure ya amsa:

Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan mamacin. Ɗana, lissafin gadonku ba mai wahala ba ne ga wanda ya karanta babin. Bayan an biya bashi an zartar da wasiyya idan akwai, ana kasa dukiyar kashi 24. Matan biyu suna tarayya a tumuni, wato kashi 3, mahaifiyarsa tana da sudusi, kashi 4, sauran 17 na ƴaƴa ne, namiji yana ɗaukar rabon mata biyu. Ƙanen mamaci ba ya gado matuƙar akwai ɗa namiji. Manta tsohuwar nan da aka yi ba ƙaramin kuskure ba ne, haƙƙi ne da Allah ya yanka mata da kansa.

Amma ba a raba gefen gabas sai an san na wane ne. Ƙa'idar shari'a ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. Ana karɓar shaida ne daga mutumin da aka san adalcinsa, wanda za a kalli idonsa a yi masa tambaya, wanda yake tsoron haɗuwarsa da Allah idan ya yi ƙarya. Sautin da ke cikin salula alama ce da za a duba, ba ya tsayawa a matsayin shaidu. Ko da ya tabbata muryar mahaifinka ce, sai an san lokacin da ya faɗa, domin kyautar da mutum ya yi yana cikin ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka, ba ta wuce sulusin dukiya sai da yardar magada. Idan kuwa ya yi ta yana da lafiyarsa, ƙanen nasa kuma yana riƙe da wurin a kan haka, to ta tabbata, ba ku da hanyar karɓewa.

Ina kuma tuna maka cewa wannan mutum ƙanen ubanka ne, ya shekara arba'in yana cin tuwo daga wannan ƙasa. Ko ta tabbata aro ce, babu abin da ya hana ku, ku magada baligai, ku bar masa ya ci gaba da nomawa iya rayuwarsa, a rubuta a sa hannu. Ku zauna da shi ku kaɗai kafin ku zauna da shi gaban jama'a.

Ɗan Mokoyo ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Allah gafarta Malam, na bi shawararka, ranar Juma'a bayan an sauko na tafi ƙauye ni kaɗai na sami Baba Ƙarami a zaurensa. Ya ce shi bai san yadda ake tura murya ba, ɗansa ne ya zo masa da ita, amma ya rantse yayansa ya taɓa ce masa wurin nasa ne. Da na tambaye shi damin hatsi biyu da yake kawo wa gidanmu duk kaka, ya yi shiru, daga baya ya ce zumunci ne. Maƙwabcinmu na iyaka, wanda ya girme su duka, ya ce shi a saninsa damin nan na aro ne, ya kuma yarda ya faɗa gaban mai gari. Kakarmu kuwa ta ce kada a sa ta tsakanin ƴaƴanta biyu, na raye da na kabari, ban kuma matsa mata ba.

Na sa ƙanena ya goge hoton amsar manhajar daga zauren dangi, ɗan Baba Ƙarami bai goge nasa ba tukuna. A COFO ta ƙaramar hukumarmu an duba, ba a sami wata takarda da sunan gonar ba. Salular baba mun same ta a cikin adakar mahaifiyata, batirinta ya kumbura, ba ta kamawa. Mun yarda da ɗan Baba Ƙarami cewa babu wanda zai kai ta gyara shi kaɗai, za mu je tare ranar Litinin, shi ma ya zo da tasa a buɗe hirar a gabanmu duka. Mai gari ya sa mana zama ranar Alhamis ta sama. Kai kuma Mai Gyaran Salula, idan aka sauya batirin, akwai abin da ya kamata mu hana mai gyaran taɓawa don kada saƙonnin ciki su ɓace?